Kalar Bara a Rabin Fuska

In kana son gane Bakan-gizo a cikin motar haya, kada ka dubi fuskarta, dubi hannunta na hagu. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu layi-layi ne na kala: ja, ruwan ƙasa, ruwan zinare, da wasu masu ƙyalli da ba su da suna a bakin mutane sai a jikin kwali. A nan take gwada wa mata hoda su gani. Kullum da yamma takan goge da auduga kafin mu tashi, amma fatar ta riga ta sha, ba ta komawa yadda Allah ya yi ta. Daga nan sunan ya samo asali. Sababbin ma'aikata suna ce mata Anti Bakan-gizo, manajan ma da ya zo da niyyar kiran kowa da sunansa na gaskiya bai daɗe ba ya bi sahu.

Ni ce mai turare. Teburina yana jingine da nata a hawan ƙasa na wani babban kanti, daidai inda na'urar sanyi ke dukan mutum a ƙeya. Mun daɗe a tsaye tare har ƙafafunmu sun kumbura iri ɗaya. Ni hancina ya mutu tuntuni, ba na jin ƙanshin komai sai in abu ya ƙone. Ita kuwa idonta ya ƙi mutuwa, kuma wannan ce matsalarta. Ba ta iya kallon fuskar mutum ta ƙyale shi. Muna zaune a mota za ta zungure ni ta ce, "Waccan ba ta yi barci ba." Ko kuma, "Wannan kuka ta sha kafin ta fito." In ce mata ina ruwanki, ke da ko karin kumallo ba ki yi ba.

Duk ƙarshen shekara, in hutu ya matso, kamfanin da take sayar wa kaya yakan turo wasu gwangwanaye na musamman masu zanen taurari. A ciki akwai hodar kumatu ɗaya da kalolin fatar ido. A jikin kwalin an rubuta cewa na bana ne kawai, in ya ƙare ya ƙare. Ni dai na ce wayo ne na sa mata gudu, kuma wayon yana ci. Matar da durowarta ke cike da hoda za ta shigo tana haki, wai kada ya ƙare ba ta samu ba. Kamfanin kuwa ba ya wasa da maganarsa. Hutu na wucewa manaja zai tsaya a kanmu, a tattaro na gwaji da suka rage, a farfasa su da cokali a juye a kwandon shara. Baɗi a zo da wata kalar, a raɗa mata sabon suna, a sake sa mata gudu.

Kowace mai sayarwa ana ba ta gwangwani ɗaya, kuma dole ta shafa a fuskarta har lokacin ya wuce, ko ya dace da ita ko bai dace ba. Haka Bakan-gizo, da furfurarta da ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, za ta wuni da ƙyalƙyali a ido sai ka ce 'yar rawa. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Ni nake yi mata.

Ba ta da surutun talla. Abin da take yi guda ne, kuma wata tsohuwar ma'aikaciya ce ta koya mata tun tana sabuwar zuwa. Takan zaunar da mace a doguwar kujera, ta gyara mata rabin fuska, daga tsakiyar hanci zuwa kunne, ta bar ɗaya rabin yadda ya shigo. Sai ta miƙa mata madubi ta ja bakinta ta yi shiru. Mace ta ga kanta biyu, wadda ta fito daga gida da wadda za ta iya komawa. Babu mai yarda ta fita titi da rabin fuska, don haka kafin a ƙarasa ɗaya gefen ciniki ya faɗa. Kuma aikinta ba irin na yaran yanzu ba ne da ake hangowa daga tsallaken titi. In ta gama da mace, mijin ba zai ce kin yi kwalliya ba, sai dai ya ce yau kin huta.

Ba son kwalliya ne ya kawo ta kantin ba. Babansu ya rasu tana shirin gama sakandare, ya bar Mama da keken ɗinki da ƙaramin yaro, Auta. Sai ta karɓi aikin nan, wai kafin a ga abin da hali zai yi. Hali bai yi komai ba. Ta taɓa aure, da wani direban babbar mota, auren bai yi tsawon rai ba. Ba ta son zancen, ni ma na bar shi. Ta dawo wajen Mama, ɗaki biyu a saman shagon mai faci, inda injin iska ke tashin mutum kafin ƙararrawar waya. Auta ya yi karatu da guminta, ya koyi walda, ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa inda ake ƙera jiragen ruwa. Hutu ɗaya ake ba shi a shekara. In ya taho ba a lokacinsa ba, akwai masu jiran gurbinsa a bakin ƙofa.

Yaron ba mugu ba ne, gara in faɗa tun yanzu, don na zage shi da yawa a lokacin. Yana turo abin da ya samu, kuma duk ranar hutun mako da la'asar sai ya kira uwarsa a bidiyo. Laifinsa ɗaya, abin da yake son gani shi yake gani, kuma a wannan ba shi kaɗai ba ne.

Mama mace ce mai ji da kanta. Ko shanya za ta kwashe a baranda sai ta daidaita ɗaurin ɗankwali. Da ciwon ƙoda ya kama ta, ta ɗauke shi kamar wani baƙo marar kunya da za a yi wa shiru har ya gaji ya tafi. Bai tafi ba. Aka fara zuwa asibiti wankin ƙoda, keken ɗinki ya sha lulluɓi. Cikin 'yan watanni fatarta ta dushe, kumatu suka faɗa, ƙasan ido ya yi baƙi.

Ina gidan ranar da abin ya fara, na je gaishe ta. Lokacin kiran Auta ya kusa, Mama ta ce a ba ta madubi. Ta duba, ta kife shi a kan gado.

"Ke," ta ce wa 'yarta, "kawo abin nan naki ki shafa min. Ba zan bari yaron nan ya gan ni kamar an tono ni ba."

"Mama, ai ya san ba ki da lafiya."

"Sani ya yi, bai gani ba. Mutum yana riƙe da wuta a hannu a saman ƙarfe, ki sa masa tunani ya faɗo? Kawo."

Bakan-gizo ta ɗauko gwangwaninta na bara. A duk shekarun da muka yi a kantin, kalar bara ce kaɗai aka yi kamar an tuna da masu fata irin tamu. Hodar kumatun sunanta Garwashi, ja ce mai duhu da ta jirkita zuwa ruwan ƙasa. Ta idon kuma Tagulla. Ta jingina Mama da matashi biyu kusa da taga, ta ja labule rabi don hasken ya yi laushi. Ta shafa mai, ta jira ya shiga. Ta ɗauki buroshi ta taɓa Garwashi, ta kaɗe a bayan hannunta, ta bi saman kumatu a hankali zuwa kunne. Tagulla kuma da ɗan yatsa ta sa, kaɗan, a tsakiyar fatar ido. Daga ƙarshe ta cire wa Mama tabarau, don haske yana dukan gilashin ya ɓoye idon. Ba tabarau Mama ba ta ganin komai a waya sai inuwa, amma ta ce muryarsa ta ishe ta.

Na tsaya ina kallo baki buɗe. Matar da na tarar kamar a hura ta faɗi, ga ta nan jini ya dawo mata. Aka ba ni wayar in riƙe, aka nuna min yadda zan ɗan karkata ta wajen taga. Daga ranar riƙon waya ya zama aikina.

Auta ya fito a fuskar wayar da hular aikinsa. "Mama, kin ga kumatunki kuwa? Yaya, me kike ba ta ne haka?"

Mama ta yi dariya, ta ce abincin gida ne, shi ma ya dawo ya ci ya daina ramewa. Ta tambaye shi ɗakinsa, da abokan aikinsa, da ko har yanzu yana barin safa a ƙasa. Aka yi hira mai daɗi. Wayar na mutuwa ta zame daga kan matashin, ta ce a kawo roba. Sai da ta amayar da duk abin da ke cikinta sannan ta yi barci da Garwashi a kumatu.

Haka aka ci gaba mako bayan mako. Mama tana tara ƙarfin kwana shida ta kashe shi a kira ɗaya. Kullum fuskar tana ƙara faɗawa, kullum hannun Bakan-gizo yana ƙara ƙwarewa a kanta. Ni ban ga laifin abin ba da farko. Uwa ce take son ɗanta ya gan ta da kyau, wa zai hana?

Sai da hutu ya matso, ranar da muke sa ran zai faɗi ranar tahowarsa, Auta ya ce yana da magana. Kamfaninsu yana neman waɗanda za su zauna su yi aiki a lokacin hutu, kuma duk wanda ya zauna za a sabunta masa kwantiragi ba wahala.

"Tunda Mama ta murmure haka," ya ce, "gara in bari sai tsakiyar shekara, in zo in daɗe. Ko ya kika gani, Mama?"

"Wannan tunani ne mai kyau," in ji Mama. "Ni me zan yi da kai yanzu, ka zo ka cinye min abinci?"

Na dubi Bakan-gizo. Tana tsaye a bayan wayar da buroshi a hannu, tana kallon kumatun uwarta kamar wadda ke duba aikin wani.

A cikin makon ne likita ya kira ta gefe bayan wankin ƙoda. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce jikin ya daina karɓa, zuciyar ma ta gaji, in akwai wanda ya kamata ya zo, to ya zo. Washegari a lokacin cin abinci ta zauna a matakalar bayan kanti ta kira Auta. Ina gefenta ina jin muryarsa.

"Yaya, shekaranjiya fa na gan ta da idona. Har tsokanata take yi."

"Hoda ce, Auta. Ni nake shafa mata."

Ya yi 'yar dariya. "Hoda ai kowace mace na shafawa. Ni ban ga wata kwalliya a fuskarta ba. Likitocin nan kuma kin san su, tun bara suke faɗar haka." Sannan ya sassauta murya. "Na san kin gaji, Yaya. Wallahi na sani. Ki nemo wadda za ta riƙa taya ki, ni zan ji da sauran."

Ta ce to, ta kashe wayar. Abincin da ta zo da shi ta rufe shi ta mayar jaka. Shekara da shekaru tana alfahari da cewa aikinta ba a ganinsa, yau ga shi ya tsaya ya ba da shaida a kanta, kuma an yarda da shi an ƙi yarda da ita.

Na ce mata abin mai sauƙi ne, ta ɗauki hoton Mama tana barci ta tura masa. Ta kalle ni kamar na ce ta yi sata.

"Ba zan ɗauki uwata hoto a ɓoye ba. Matar da ba ta fita baranda kai ba ɗankwali?"

"To ki ƙi shafa mata."

"Ki zo ke ki ƙi. Ta riƙe min hannu ta ce in yi mata alkawari ba zan tayar masa da hankali ba. In ban shafa ba cewa za ta yi a kashe bidiyon, murya kawai. Muryar kuwa kin san ta iya ta."

Na ce to ku ƙarata, dangin taurin kai. Amma ranar hutun mako ina can da waya a hannu.

Lokacin kuma kanti ya cika. Gwangwanayen bana sun iso, hodar kumatu ruwan hoda mai fari-fari, ta ido ruwan azurfa, wai sunanta Ƙanƙara. Duk baƙar macen da ta shafa sai ta koma kamar ta yi dambe da buhun siminti, amma mata suna layi. An ƙara mana lokacin tashi, an hana zama. Bakan-gizo tana kai Mama asibiti da sassafe, ta dawo da ita, ta hau mota ta zo ta tsaya da azurfa a ido tana yi wa baƙi murmushi. Wata rana na gan ta riƙe da haɓar wata mata, buroshi a sama, idonta a rufe. Barci take yi a tsaye. Na yi tari da ƙarfi, ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya, matar ba ta ma lura ba.

Ana haka Garwashi ta fara nuna gindi. Da farko ɗan farin ƙarfe ne a tsakiya, sai ya yi ta faɗi har hodar ta koma zobe siriri a gefe. An gwada wa Mama ta bana, ta sa tabarau ta duba madubi ta ce, "Wanke min wannan tokar." Ta umarci 'yarta ta nemo irin ta da.

Ita kuma ta nema, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta tambayi mai kula da sito, ya ce ko kwalinta babu. Ta kira sauran rassan kantin. Ta tare wakilin kamfanin ranar da ya zo zagaye, ya yi dariya ya ce, "Anti, ke da hannunki kika fasa na gwajin bara. Ba a sake yi, shi ne daɗin abin."

Na tare ta a ɗakin canja kaya. "Ke wai lafiyarki? Allah ya kawo miki mafita, abu zai ƙare da kansa, kina yawon neman ƙari?"

Tana zaune tana murza ƙafarta da ta kumbura. "Ta ce in nemo," ta ce. "Tun ina yarinya in ta ce in nemo abu, nemowa nake yi. Ban san yadda ake ƙi ba."

Na zauna kusa da ita na cire nawa takalmin.

Ranar hutun makon da ya zo daf da hutun ƙarshen shekara, na tarar da Mama ta ƙara lalacewa. Sai da muka haɗu mu biyu muka ɗaga ta zuwa taga, kuma ba nauyi ne ya sa ba, tsoro muke kada wani abu ya karye. A ƙasa mai faci yana ta buga ƙarfe. Bakan-gizo ta buɗe gwangwanin, ta zare fil daga gashinta, ta bi gefe-gefe tana kankare abin da ya maƙale, ta tara a murfi. Na leƙa. In aka ja shi da dabara, irin dabarar da ta fi kowa, zai yi kumatu biyu sama-sama.

Ta cire wa Mama tabarau. Ta shafa mai a duk fuskar. Ta ɗauki buroshi ta fara da kumatun dama, ta sake komawa murfin, ta sake komawa kumatun dama. Ta sa Tagulla a idon dama. Ta bi gefen hanci ta daidaita layin tsaf, yadda na ga ta yi wa mata ba adadi a doguwar kujera. Murfin ya koma fes. Sai ta kaɗe buroshin a zaninta, ta bi kumatun hagu da shi, ba komai a jikinsa, don Mama ta ji an taɓa.

"Kin gama?" in ji Mama.

"Na gama, Mama."

Ta matso kusa da kunnena. "Yau kada ki karkata wayar. Riƙe ta daidai."

Wayar ta yi ƙara. Auta ya fito yana murmushi, ya fara gaisuwa, "Mama, barka da..." Sai maganar ta tsaya a bakinsa. Ni da nake bayan wayar ina ganin abin da yake gani. Gefe ɗaya ga uwar da yake hira da ita duk mako. Ɗaya gefen kuma ƙashi ne da fata mai launin toka, da ido da ya faɗa rami. Kowanne shi kaɗai da an iya jurewa. Haɗuwarsu a fuska ɗaya ce ba ta kalluwa.

"Layin ne ya tsaya?" Mama ta tambaya.

"A'a, Mama. Ina ganinki." Muryarsa ta canja. "Yaya, mene ne wannan?"

Bakan-gizo ta zagayo ta tsaya inda zai gan ta. "Na hagun ita ce Mama," ta ce. "Na daman aikina ne."

Mama ta ɗaga hannu biyu a hankali ta shafa kumatunta, ta kawo yatsun daf da idonta. Na dama sun yi ja, na hagu ba komai. Tela ce, ta san aikin da aka bari rabi da gangan. Ba ta yi faɗa ba, ƙarfin ma babu. Ta dai juya wajen wayar ta ce, "Ka ga abin da 'yar'uwarka ta yi min."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun ranar da ka tambaye ni me nake ba ta."

Ya cire hular aikin ya rufe fuskarsa da ita. Muka jira. Da ya sauke ta sai ya ce yana tahowa, zai je wajen shugabansu yanzu.

"Aikinka fa?" in ji Mama.

"Mama, ki bar zancen aiki."

Bayan an kashe wayar Mama ta ce a kwantar da ita. Ta juya fuskarta bango, gefen da aka yi wa kwalliyar ne a kan matashi. Daga ranar ta daina yi wa 'yarta magana. In tana son ruwa ni take gaya wa in ina nan, in ba na nan ta nuna kofi da yatsa. Bakan-gizo tana yi mata wanka, tana ba ta magani, tana juya ta, duk a cikin shirun nan. Na ji tausayinta har na rasa abin tsokana, ni da ba na rasawa.

Safiyar da Auta zai iso na nemi izini a kanti na je. Mama tana kwance tana sauraron motocin da ke tsayawa a ƙasa. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Akwai saura?"

Bakan-gizo ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Ya ƙare, Mama. Ba sa sake yi."

Sai Mama ta juyo ta ce, "To kawo ruwan ɗumi ki wanke min fuska. Ki gyara min ɗankwalin nan, kin san ba na son ɗaurin da kike yi. Ki ba ni tabarau kuma. In zai gan ni, ni ma sai na gan shi."

Ya shigo da jaka ɗaya a kafaɗa, ya durƙusa a bakin gado ya sa kansa a cinyarta. Ta shafa ƙeyarsa ta ce ya rame, kuma askin da aka yi masa bai yi kyau ba. Ya samu kwanakin hutun duka tare da ita, da 'yan kwanaki bayansa. Shi yake ɗaukarta zuwa taga, shi yake ba ta ruwa da cokali. Yana riƙe da kofin ranar da ta cika, da hantsi, mai faci yana ta aikinsa a ƙasa. Aikin can kuwa bai jira shi ba, sun ba wani. Yanzu yana walda a wani gareji a bayan tasha, yana kwana a ɗakin Mama, kuma ban taɓa jin ya yi wa yayarsa gori a kan haka ba.

Ranar da Bakan-gizo ta dawo kanti ta yi daidai da ranar fasa na gwaji. Manaja ya yi mata gaisuwa, sannan ya miƙa mata cokali, don ita ce babba a teburin. Ta jera gwangwanayen Ƙanƙara ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dannawa, farar hodar tana tashi tana sauka mana a takalmi. Da ya tafi da kwandon sai na matsa kusa da ita, don abin ya daɗe yana cina.

"Ranar nan, da kin ja shi, da ya isa gefe biyu."

"Da ya isa."

"To me ya sa? Ke da ba ki san yadda ake ƙi ba."

Ta goge cokalin da auduga, ta juya shi ta goge bayansa. "Ban yi wani tunani ba," ta ce. "Na gaji ne da ganinta ni kaɗai."

Ban ce mata ai ni ma ina gani ba. Ni ba uwata ba ce, na san abin da take nufi. Wata mata ta tsaya a gaban teburin tana tambaya ko akwai sauran na hutu. Bakan-gizo ta ce mata ya ƙare, amma ta zauna tukuna, da alama ba ta yi barci ba. Ta jawo doguwar kujera, ta naɗe hannun rigarta na hagu.